Daga Bakwai Sai Goma Sha Biyar

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka a Kahu. Tun da hantsi hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, kafin la'asar indararo ya fara zuba a tsakar gida, awaki suka rakuɓe a jikin rumbu. Jiya da sassafe ina shara na ji ƙarar sarƙar garma ana jan ta a kan hanya, wani yana yi wa shanu tsawa. Malam yana zaune a bakin zaure. Ban leƙa ba, amma na san ya bi su da ido har suka sha kwana, domin haka yake yi kowace shekara, ni kuma kowace shekara sai tsintsiya ta yi mini nauyi a hannu.

Malam mijina ne, uban 'ya'yana biyar. Yaran yanzu sun san shi a matsayin dattijon da yake jan ƙafar dama yana dogara sanda. Ba su san shi lokacin da yake bin garmar shanu ba. A wancan zamani idan ruwa ya sauka tun kafin ya idar da sallar asuba ake sallama a ƙofar gida, kowa yana so a fara da gonarsa, har daga Saji ake zuwa nemansa. Kunyar da yake ja a gona miƙaƙƙiya ce, ba ta karkata, kuma ba ya dukan sa. Shanunsa biyu, fari da baƙi, sun fi sanin muryarsa a kan yadda ni na san ta. Ina yi masa tsiya da haka, yana cewa ai su ba sa mayar masa da magana.

Shekara goma sha wani abu ke nan da abin ya faru. Bazarar shekarar ta yi tsawo. Zafi ya kai idan ka taɓa ƙofar kwano da azahar sai ka janye hannu, ruwan randa kuwa kamar an ɗumama shi. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai an haɗa igiya biyu guga yake taɓa ruwa. A cikin wannan zafin maza suke kai taki gona. Malam ya cika amalanke, ya kai rafin da ya ƙafe, ƙafar amalanken ta nutse a cikin yashi. Ya koma baya ya dafa yana turawa. Ya ce sai ya ji kamar an sheme shi da sanda a bayan dunduniya, har ya waiwaya ya ga wane ne, bai ga kowa ba. Da ya ce zai taka, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

A kan takin aka kwanto shi gida. Ƙaninsa Sale ya kira maɗori. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ya lalluba ya lalluba, ya sa yatsa a wani rami da ya fito a saman dunduniyar, ya ce ba ƙashi ba ne, agara ce ta tsinke, wannan kuwa ba aikinsa ba ne, a tafi asibiti. Daga asibitin Rano aka tura mu Kano. Aka ɗinke jijiyar, aka sa masa filasta daga yatsu zuwa ƙarƙashin gwiwa, ƙafar tana kallon ƙasa. Muka dawo gida da sanduna biyu.

Damina ta yi mana wasa a shekarar. Aka yi ruwa ɗaya, kowa ya fita ya yi shuka, daga nan sama ta bushe. Kullum hadari ya taso da yamma, iska ta kwashe shi. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone a tsaye. Sai da aka sake shuka, wasu da hatsin da suka ajiye don ci. Namu rumbun da ma bai cika ba a kakar da ta wuce, ga shi an sayar da wani abu a ciki saboda jinya. Na fara auna tsaba da ƙaramin kwano, ina ce wa yara babban ya ɓata. Sale ya karɓi shanun yana bi da su, amma ba su saba da shi ba, kunyarsa tana tafiya kamar hanyar awaki. Malam yana jin labari daga kan tabarma yana cije leɓe.

Da aka cire filastar na ga abin da ya ba ni tsoro. Sha raɓar ƙafar, wato naman bayan ƙwauri, ta tsotse, ba ta kai rabin 'yar'uwarta ba, fata tana saɓa. Aka sa masa wani ƙaton takalmi mai tudu a ƙarƙashin dunduniya, aka tura mu sashen gashin ƙashi. Nan muka haɗu da wata ma'aikaciya, gajeriya mai faɗa, kowa Sista yake ce mata. Ta ce ɗinki ya kama, amma ɗinki rabin aiki ne. Jijiya sai an riƙa ba ta aiki kaɗan-kaɗan take ƙarfi, idan aka bar ta a kwance za ta warke a sake, naman ƙafar ya tafi bai dawo ba. Ta nuna masa yadda zai motsa yatsu, yadda zai kwanta ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, yadda zai danna tafin ƙafa a jikin hannuna a hankali ba tare da ta motsa ba. Ta ba mu jar roba mai faɗi, a saƙala a tafin ƙafa, ya riƙe bakin biyu ya tura ƙasa. Bayan wasu makonni zai zauna a kujera ya riƙa ɗaga dunduniya, daga nan ya dafa bango ya yi ɗage da ƙafa biyu. Ta ja mana kunne kada a kuskura a tanƙwara ƙafar sama da sunan miƙe jijiya.

Malam ya tambaye ta yaushe zai koma bayan shanu. Ta ce ranar da ya iya yin ɗage a kan wannan ƙafar ita kaɗai, domin mai bin garma a jiƙaƙƙiyar ƙasa da yatsu yake tunkuɗa kansa. Sai ta juyo gare ni ta miƙo mini takarda mai zane-zanen ƙafafu.

"Uwargida, kin iya ƙirga?"

Na ce na iya.

"To, ke ce likitarsa yanzu. Goma sha biyar, sau uku a yini, safe da rana da yamma. Kina yi kina sa alama a nan. Kuma na san mutanenmu da dubiya. Idan lokaci ya yi, ko wa ya zo ya jira a waje."

Na ce to. Har ga Allah da niyyar yi na ce to ɗin.

Makon farko mun yi yadda aka ce. Bayan kunun safe in shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, in cire takalmin, in zauna a gaban ƙafar ina ƙirgawa. Aikin ba shi da wani kwarjini. Mutumin da yake juya shanu biyu da hannu ɗaya ga shi yana zufa a kan jan roba, ƙafar tana rawa. Yakan yi dariya ya ce da shanunsa za su gan shi da sun raina shi. Duk da haka yana kai goma sha biyar ɗin, ina kuma sa alamata da guntun fensirin yara.

Daga nan labari ya bazu cewa an cire filasta, masu dubiya suka ɓarke. Malam mutum ne mai jama'a, babu gidan da bai taɓa yi wa huɗa ba. Ɗaki ya yi kaɗan, kuma maza ba sa shiga cikin gida, sai aka mayar da shimfiɗarsa zaure. Tun da safe dattawan da suka daina zuwa gona suke zuwa su zauna. Kafin su tashi wasu sun iso daga Kibiya, kafin waɗannan su gama gaisuwa surukai sun sauka daga babur. Ni ba ni da ikon shiga zaure alhali maza suna ciki. Shi kuma ba zai miƙe ƙafa ya nuna wa sa'o'in mahaifinsa tafinta yana jan roba ba. Da ya ji sallama sai ya naɗe ta gefe ya rufe da zane. Ranar da mahaifina ya zo daga Saji, daga hantsi har la'asar Malam bai motsa ƙafar nan ba, kansa a sunkuye. Aikin safe ya fara faɗuwa, na rana ya bi shi.

Akwai abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Ba kunya kaɗai ta hana ni aika wa masu dubiya su jira ba. Babu mai zuwa hannu sake. Wannan ya zo da ƙwaryar fura, wancan da ƙwan zabi biyar a cikin hula, wata ta aiko da kwanon tuwo a rufe da faifai, wata da ɗan garin masara a ƙulle. A lokacin mu a cikin gida tafasa da rama muke kwaɗantawa da ɗan ƙuli-ƙuli, sau biyu a yini, wani lokaci sau ɗaya. Yara suna tashi da ciwon ciki. Malam ba ya cinye abin da aka kawo masa, yana taɓawa ya turo ciki, abin da ya turo ɗin kuwa shi ne abincin ranar 'ya'yana. Idan na ji sallama a zaure, kafin in tuna da roba na tuna da kwano. Na san idan aka ce matar gidan tana tsayar da baƙi a waje, ƙafa za ta ɗauke, kwanuka su bi ta. Na zaɓi kwanuka, ina gaya wa kaina gobe za mu rama.

Aikin yamma ya rage, bayan magariba idan an dawo da shi ciki. A lokacin ya gaji da zama, ƙafar ta kumbura, sauro ya fara fitowa. A lokacin ne kuma Inna, mahaifiyarsa, take zuwa ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da aka kawo ni gidan. Amma shi ne ɗanta na fari, ba ta iya kallon fuskarsa idan ya yamutsa ta. Ta ce ita a saninta mai jinya hutu yake so da ruwan zafi da man shanu. Ba ta ce in daina ba. Kawai idan na kai shida ko bakwai sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Saude, jijiyar nan fa ɗinka ta aka yi."

Wata rana na kai bakwai, na ga ƙafar tana karkarwa, na ga hawaye a idon Inna. Bakina ya ce, goma sha biyar. Malam ya saki robar, ya ce alhamdu lillahi. Inna ta sa mini albarka. Na ɗauki fensir na sa alama, na ƙara biyu a gurbin safe da rana don kada takardar ta yi muni. Washegari ma haka. Daga bakwai ɗin ma na fara saukowa biyar. Babu wanda ya ce komai, gida ya yi daɗi.

A cikin kwanakin nan aka yi mana gayya. Sale ya shirya ta, matasa da magidanta suka fita da fartanya suka nome gonar dawa kafin azahar, ciyawa ta kusa cinye ta. Matan maƙwabta suka haɗo tsaba, muka dama kunu a babbar tukunya, hayaƙin ɗanyen itace yana cin idanunmu, muna dariya. Na daɗe ban ga abinci da yawa haka ba. Da suka dawo suka tsaya a ƙofar gida jikinsu duk taɓo, suka ce wa Malam kada ya sa komai a ransa, ya kwanta ya huta, gonarsa tana wuyansu. Ya yi ta godiya. Kowa a garin nan hutu yake yi masa fata, kuma kowa da zuciya ɗaya.

Da muka koma Kano, Sista ta karɓi takardar ta ga alamomi reras, babu gurbi ko ɗaya. Ta ɗauko awon tela ta zagaya sha raɓar ƙafar, ta duba abin da ta rubuta a zuwan baya. Ta sa ya tura hannunta da tafin ƙafar. Ta sa ya zauna ya ɗaga dunduniya, da ƙyar ta rabu da ƙasa. Sai ta juyo gare ni.

"Uwargida, tsakaninki da Allah, ana yi?"

Malam yana zaune, Sale yana tsaye a bakin ƙofa. Idan na ce ba a yi, na tona mijina a gaban ƙaninsa, na tona Inna, na tona kaina. Na ce ana yi. Ta ninke takardar ta miƙo mini, ta ce ita takarda ba ta bin garma, kuma watannin nan na farko idan suka wuce da wuya a kamo su. Ta ƙara mana sababbin motsi, ta ba mu ranar dawowa.

Ba mu koma ba. Marka ta sauka, ruwan da aka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, tufafi suna warin danshi, gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa. Hanyar fita gari ta zama kwata, babur ba ya wucewa sai an ɗauke shi. Ɗakin Inna ya fara yoyo, katangar bayan gida ta zube. Wata la'asar iska ta yaye jinkar rumbu, ruwa yana shiga kan 'yar dawar da ta rage mana. Na fito a guje da leda, na rasa abin ɗaurewa, igiyoyi duk sun ruɓe. Na shiga ɗaki na zaro jar robar nan daga ƙarƙashin matashin Malam na ɗaure ledar da ita. Ta riƙe sosai. Na ce idan ruwa ya ɗauke zan kwance, amma a can ta zauna har rana ta cinye ta, ta tsattsage.

Kaka ta zo da sauƙi. Yara suka gasa tumu, aka cire gyaɗa, fuskoki suka ciko. Malam ya ajiye takalmin, ya ajiye sanda ɗaya, yana takawa. Mutane suna yi mana barka, suna yaba yadda na yi jinya. Ni kaɗai nake lura cewa ƙafar a shimfiɗe take sauka, a shimfiɗe take tashi, dunduniyar ba ta tura shi gaba. Da damina ta zagayo ya ɗaura wa shanunsa garma ya fita. Kafin rana ta yi zafi ya dawo. Sale ya ce kunya biyu ya yi, a ta uku ƙafar ta maƙale a laka, shanun suka ja shi ya faɗi a kan gwiwa, suka tsaya suna waiwayensa. Ya sake gwadawa sau biyu a shekarar. Bayan sallar layya wani mutumin Rano ya zo ya sayi shanun ya kora su, Malam bai fito zaure ba sai da suka yi nisa. Daga baya mun je wani asibitin, aka ce za a iya samun ɗan ƙari idan ya dage, amma kada ya sa ran ta koma kamar da. Bai dage ba, ni ma ban matsa ba.

Yanzu abubuwa sun canza. An gyara hanya, masu feshi sun rage aikin fartanya, gayya sai jefi-jefi. Masu dubiya ma a waya suke gaisuwa, su ce za su shigo, ba sa shigowa. Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, tana sa mini albarka har ƙarshe, kuma duk albarkar da ta sa sai ta tuna mini da ƙaryar nan. Manyan 'ya'yanmu suna noma gonar. Abu ɗaya Malam bai bar wa kowa ba, shi ne sauko da iri. Kowace kaka shi yake zaɓar zangarniyar dawa mafi kyau, a ɗaure a rataye a azarar ɗakinsa inda ɓera ba ya kaiwa, ranar shuka kuma shi yake saukewa da hannunsa ya yi bismilla. A da ɗage yake yi ya kamo ta. Tun daga waccan shekarar ni nake ratayewa, ina ƙara wa igiyar tsawo yadda zai miƙa hannu kawai ya kai. Ban taɓa faɗa masa ba.

Jiya bayan shanun nan sun wuce ya shigo ciki, ya jingine sandarsa, ya tsaya a ƙarƙashin irin. Ina bakin ƙofa da ƙwarya. Bai kai hannu ba. Ya kalli igiyar ya ce bana kam na sauko da ita da yawa, saura kaɗan ta taɓa masa hula. Na ji kunya ta rufe ni. Ban san yadda aka yi ba, abin da na riƙe shekara da shekaru ya fito. Na gaya masa ƙirgen da na riƙa tsallakewa, da alamomin ƙarya, da kwanukan dubiya da na fifita a kan ƙafarsa. Na ce ya yafe mini, ni na raba shi da shanunsa.

Ya juyo ya dube ni.

"Saude, ni ma ai na iya ƙirga," ya ce. "Duk ranar da kika ce goma sha biyar na san ban wuce bakwai ba. Daɗi nake ji. Kwanukan kuma da gangan nake turowa."

Na zauna a dokin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kora shanun. Da na ɗago na gan shi ya matsa ya dafa bango da hannu biyu, ya daidaita ƙafafunsa kamar yadda Sista ta nuna. Ya ce in ƙirga. Dunduniyar hagu ta tashi, ta dama ta biyo ta da ƙyar, ko faɗin yatsa biyu ba ta kai ba. Na ce ɗaya. Ya sauka ya sake. A na huɗu ƙafar ta kama rawa, zufa ta tsattsafo masa a goshi, ya yi ƙoƙarin na biyar ta ƙi tashi. Ya waiwayo yana haki yana kallona.

"Huɗu," na ce. Ban ƙara masa ko ɗaya ba.